Araha Ba Ta Ado: Haƙƙin Matafiyi a Hannun Kamfanonin Jirgi da na Inshora

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya





Gabatarwa

Lokacin da kwamitin shirye-shirye ya nemi mu ce wani abu a wannan zama, an yi zaton za mu koma kan batun gyaran makarantar firamare, kamar yadda muka saba. Mun roƙi alfarmar a bar mu mu taɓo wani abu dabam, saboda abin da idonmu ya gani. Tun da muka ajiye alli, zaurenmu ya zama wurin da ake kawo takardun Turanci a karanta, a kuma rubuta amsarsu. A da takardun fansho da na filaye ne suka fi yawa. A 'yan shekarun nan sai ga wasu irin takardu sun fara shigowa: wasiƙar kamfanin inshora mai cewa ba zai biya kuɗin asibiti ba, da rasit na kuɗin da aka karɓe wa mutum a bakin ƙofar jirgi. Masu kawo su ba jahilai ba ne. Akwai 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da Sin, akwai masu zuwa Umara, akwai masu kai marasa lafiya Masar ko Indiya, akwai kuma iyayen da 'ya'yansu ke karatu a Turai. Abin da ya haɗa su shi ne sun biya kuɗi, sun sa hannu a kan sharuɗɗan da ba su karanta ba, ranar da bukata ta taso kuma aka nuna musu layin da ya ɗaure su.

Labari biyu daga zaurenmu

Wani dattijo daga cikinmu ya tashi ziyartar ɗansa a Jamus. Dokar bizar ƙasashen Shengen ta wajabta wa mai nema ya nuna takardar inshorar lafiya wadda za ta ɗauki aƙalla yuro 30,000, har da kuɗin dawo da shi gida idan ciwo ya tsananta ko ta Allah ta kasance. Ejan ɗin da ke yi masa takardu ya saya masa mafi araha, ya cika fom da kansa, a wurin da aka tambayi ko matafiyi yana da wani tsohon ciwo ya rubuta babu. Alhali kuwa dattijon ya shekara goma yana shan maganin hawan jini. Mako biyu da sauka sai zuciya ta motsa, aka kwantar da shi. Da kamfani ya nemi bayanin likita ya ga tarihin ciwon, sai ya rubuto cewa an ɓoye masa gaskiya, don haka babu ko sisi. Mun rubuta wasiƙa har sau biyu, ba mu yi nasara ba, domin hujjar tana hannunsu. Sai da aka sayar da gonar gado, wannan ƙungiya kuma ta yi karo-karo, kafin aka sauke bashin asibitin. Da yawa daga cikinku kun sa hannu a aljihu a lokacin, Allah ya saka da alheri.

Labari na biyu na wata baiwar Allah ce mai ciwon suga, wadda ta faɗa wa kamfani gaskiyar ciwonta tun farko. Santsi ya kwashe ta a matakalar masauki, ƙafa ta karye. Kamfani ya ƙi biya, ya ce ai tsohon ciwonta ne ya jawo. Ɗanta ya zo mana yana cewa a bar wa Allah. Muka ce a bar wa Allah, amma a fara komawa wurin likitan da ya yi ɗorin. Likita ya rubuta layi huɗu cewa karayar ta faɗuwa ce, ba ta da alaƙa da suga. Muka haɗa wannan da hoton ƙashi da rasit, muka nuna musu sakin layin yarjejeniyarsu da ya ambaci haɗari. Bayan wata biyu suka biya, ban da ɗan kason da yarjejeniya ta ce mai inshora zai ɗauka da kansa.

Mutum biyu ke nan daga gari ɗaya, kowanne an ce masa a'a. Na farko an kayar da shi tun ranar da aka cika masa fom. Ta biyu kuwa tana da gaskiya, amma da ta tsaya a amsar farko da kuɗinta sun tafi.

Yadda arahar jirgi take

Waɗanda suka hau jirgi a zamanin Nigeria Airways, kafin ya durƙushe a 2003, za su tuna cewa tikiti ɗaya ya ƙunshi komai: kujera da akwati da abinci. Jiragen araha sun zo da wani tsari. Kamfanin Southwest ya fara shi a Amurka a 1971, Ryanair da easyJet suka yaɗa shi a Turai a shekarun 1990, sannan ya iso ƙasashen Larabawa da Air Arabia a 2003, da flynas a 2007, da flydubai a 2009, da flyadeal a 2017. Dabarar ita ce a rarraba tikitin gida-gida. Kuɗin da aka tallata na kujera ne da 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujerar gaba. Duk abin da ya wuce haka yana da nasa farashi.

Mu ɗauki misali irin na darasin lissafi. A ƙaddara an tallata tikiti yuro 30. Matafiyi ya zo da akwati, a ce yuro 40. Yana so ya zauna kusa da maiɗakinsa, a ce yuro 10. Bai yi rajistar shiga jirgi ta intanet ba sai da ya iso filin jirgi, a ce yuro 55. Jimla yuro 135, wato ninki huɗu da rabi na abin da ya gani a talla. Wannan na ƙarshen ba ƙirƙirarsa muka yi ba. A 2023 jaridun Ingila sun ba da labarin wani dattijo da matarsa waɗanda Ryanair ya karɓi fam 110 a hannunsu don buga musu katin shiga jirgi, saboda sun yi kuskure sun bugo na dawowa maimakon na tafiya.

Adalci ya sa mu faɗa cewa yawancin waɗannan kuɗaɗe a rubuce suke cikin sharuɗɗan da mai saye ya amince da su, don haka da wuya a karɓo su daga baya. Amma su ma hukumomi ba su bar kamfanonin sakaka ba. A 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa jakar hannu mai matsakaicin girma da nauyi wani ɓangare ne na ɗaukar fasinja, bai kamata a sa mata kuɗi na dabam ba. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Sifen ta ci kamfanoni biyar tarar yuro miliyan 179 a kan kuɗin jakar hannu da na kujera da makamantansu, kamfanonin kuma suka garzaya kotu. Idan gwamnatoci da manyan lauyoyi suna jayayya a kan abu, ɗan ƙauyenmu da ya yi tambaya a kansa bai yi rashin kunya ba.

Akwai tarko huɗu da muka ga sun fi kama mutanenmu. Na farko rubutun suna. Mai suna Muhammadu yana iya zama Mohammed a fasfo, Muhammad a tikiti, gyaran kuma da kuɗi, wani lokaci ma sai an sayi sabon tikiti. A kwafi sunan daga fasfo harafi bayan harafi. Na biyu tikiti biyu da aka saya dabam-dabam don neman sauƙi. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfani na biyu ba ruwansa, domin ba shi ya makarar da kai ba. Na uku, wanda bai hau jirgin tafiya ba, kamfanoni da yawa sukan soke masa na dawowa. Na huɗu tsaraba. Alhazai da masu Umara su tambaya tun kafin biya ko kilo nawa aka yarda musu, ko kuma jarkar Zamzam mai lita 5 tana cikin lissafi. Nauyin da aka saya ta intanet tun daga gida ya fi wanda za a biya a gaban ma'auni sauƙi nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da doka ta ba fasinja

A nan gida, Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, wato NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinja, da jami'ai a manyan filayen jirgi. Kashi na 19 na ƙa'idojinta, waɗanda aka sabunta a 2023, ya tanadi cewa a tafiyar cikin gida idan jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, idan ya kai awa uku yana da damar neman a mayar masa da kuɗinsa, idan kuma dare ya raba a ba shi masauki. Wanda ya biya da tsabar kuɗi a mayar masa nan take, wanda ya biya ta banki a mayar masa cikin kwana 14. Sau nawa muka kwana a kan benci a filin jirgin Abuja ko na Legas ba mu nemi ko ruwan sha ba?

A tafiyar ƙasa da ƙasa kuwa akwai Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya ta shigar cikin dokarta ta sufurin sama. Ita ce ta ɗora wa kamfani alhakin kayan da suka ɓace ko suka lalace ko suka makara. Iyakar diyyar kaya tun daga ƙarshen Disamba na 2024 ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato kimanin dala 2,000 ga kowane fasinja. Wannan iyaka ce, sai abin da mutum ya kawo hujjarsa za a biya shi. Muna roƙon kowa ya rubuta wa'adin nan a bangon fasfo ɗinsa: kayan da suka lalace, a kai ƙorafi a rubuce cikin kwana 7, kayan da suka makara, cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe su, akwatin da ya kwana 21 bai iso ba ana lissafa shi cikin ɓatattu, zuwa kotu kuwa shekara biyu ne, daga nan ƙofa ta rufe. Kafin duk wannan, kada a fita daga zauren ɗaukar kaya sai an cika takardar rahoton kaya a teburin kamfani, an karɓi lambarta, an kuma adana ɗan sitikan da aka manna a bayan tikiti.

Ga masu zuwa Turai, doka mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta sanya diyyar yuro 250 ko 400 ko 600, gwargwadon nisan tafiya, ga wanda aka soke jirginsa a ƙurarren lokaci ko aka hana shi hawa alhali yana da tikiti. A 2009 kotu ta faɗaɗa ta zuwa ga wanda ya isa a makare da awa uku ko fiye. Ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar Turai, da wanda ya nufi can idan kamfanin na Turai ne, ba ta kuma duba launin fasfo ko arahar tikiti. Ingila ta riƙe irinta bayan ficewarta, da fam 220 da 350 da 520. Kamfani yana kuɓuta idan dalilin ya fi ƙarfinsa, kamar guguwa ko rufe sararin sama, amma kotu ta ce lalacewar inji ta yau da kullum ba ta cikin wannan uzuri. A 2025 ministocin sufuri na Turai sun kawo shawarar a tsawaita awannin, saboda haka mai rubuta koke ya duba ƙa'idar da ke aiki a ranar tafiyarsa. Ita ma Saudiyya ta fito da sababbin ƙa'idojin kare fasinja a watan Nuwamba na 2023.

Dalilan da ke sa a hana kuɗin inshora

Inshora yarjejeniya ce da aka gina a kan faɗin gaskiya daga ɓangarori biyu. Daga takardun da suka ratsa hannunmu, dalilan hanawa ba su cika wuce waɗannan ba.

Na ɗaya, tsohon ciwon da ba a bayyana ba, kamar yadda ya faru ga dattijonmu. Hawan jini da suga da asma duk suna ciki, ko da mutum yana jin garau. Bayyanawa tana iya ƙara kuɗin takarda, amma wannan ƙari bai kai kuɗin kwana ɗaya a asibitin Turai ba.

Na biyu, tafiya neman magani. Inshorar tafiya ta gama-gari an yi ta ne domin ciwon da ya faɗo wa mutum ba zato. Wanda ya ɗauki mahaifiyarsa zuwa Alƙahira don a yi mata aikin ƙoda, kada ya sa rai wannan takarda za ta biya aikin.

Na uku, rashin sanar da kamfani a kan kari. A jikin kowace takarda akwai lambar wayar gaggawa. Yawancin kamfanoni suna sharɗanta a kira su kafin a kwantar da mutum ko a yi masa babban aiki, ko kuma da zarar hali ya yi. Wanda zai yi rakiya ya kamata ya riƙe lambar, tun da marar lafiya ba ya iya waya.

Na huɗu, rashin shaida. Wanda aka yi wa sata ana so ya kawo rahoton 'yan sandan ƙasar da abin ya faru, sau da yawa cikin awa 24. Wanda ya fasa tafiya saboda rasuwa ana so ya kawo takardar shaidar mutuwa. Mu kuwa mukan binne mamacinmu cikin sa'o'i kaɗan, yadda addini ya koyar, ba mai tunanin takarda. Asibiti yana bayarwa, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ma tana bayarwa, sai a nema bayan an share makoki. A kuma duba waɗanne dangi yarjejeniya ta lissafa, domin abin da muke kira ɗan'uwa ya fi abin da suke nufi faɗi. Kawu ko gwaggon da ta rene ka tana iya zama ba ta cikin jerinsu.

Na biyar, kayan da aka keɓe. Tsabar kuɗi da gwal da waya da kwamfuta suna da ƙaramar iyaka, idan kuma an sa su cikin akwatin da aka auna galibi ba a biya. Hajar kasuwa ma ba kayan matafiyi ba ce a wurinsu. Wannan ya shafi iyayenmu mata masu saro kaya.

Na shida, takardar bogi. Akwai masu buga takardar inshora a shago don a samu biza kawai. Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, wadda aka kafa a 1997, tana wallafa sunayen kamfanonin da ta ba lasisi. A duba sunan, a kuma kira kamfanin a tabbatar da lambar takardar kafin a tashi.

Matakan neman haƙƙi

Idan an ce maka a'a, matakin farko shi ne ka nemi a ba ka dalilin a rubuce, tare da lambar sakin layin da aka dogara da shi. Maganar waya iska ce. Idan dole ta sa an yi waya, a rubuta rana da lokaci da sunan wanda ya amsa, sannan a bi da saƙon imel mai maimaita abin da aka faɗa.

Mataki na biyu, a zauna a karanta sakin layin nan kamar yadda muke koya wa 'yan aji shida auna fahimta. Me ya ce? Me bai ce ba? Ya yi daidai da abin da ya faru? Masana shari'a suna da ƙa'idar cewa idan lafazin yarjejeniya ya ɗauki ma'ana biyu, ana fassara shi a kan wanda ya rubuta shi, wato kamfani.

Mataki na uku, a rubuta wasiƙar koke, kada ta wuce shafi ɗaya. A sa lambar takarda ko ta tikiti a sama. Sakin layi na farko ya faɗi abin da ya faru da ranakunsa. Na biyu ya faɗi dalilin da kamfani ya bayar da inda ya kuskure. Na uku ya faɗi adadin kuɗin da ake nema da ranar da ake jiran amsa, a ce kwana 14. A lissafa takardun da aka haɗa, a aika kwafi, a riƙe na asali. Ban da zagi, ban da Allah ya isa, ban da roƙo. Mun ga wasiƙu masu shafi biyar da suka ƙare ba a faɗi ko nawa ake bi ba.

Mataki na huɗu, idan wa'adi ya cika ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, sai a hau sama. Koken inshora a kai sashen ƙorafi na NAICOM. Koken jirgi a kai NCAA. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, FCCPC, wadda dokarta ta fara aiki a 2019. 'Ya'yanmu da ke Ingila su sani cewa kamfanin inshora yana da mako 8 ya ba da amsar ƙarshe, daga nan suna da wata 6 su kai ƙara ofishin mai sasanta rigingimun kuɗi, kuma kyauta ne. Wanda ya biya da katin banki yana iya neman bankinsa ya janyo kuɗin idan ba a yi masa aikin da ya biya ba, shi ma da nasa wa'adi. Wannan dalili ne babba na guje wa tura kuɗi cikin asusun wani mutum ba rasit.

Kotu ita ce matakin ƙarshe. Shari'ar sufurin sama a Nijeriya ta Babbar Kotun Tarayya ce, a nan kuma sai mu miƙa magana ga lauyoyinmu da ke zaune a wannan zaure.

Sai gargaɗi ɗaya. Kamfanin jirgi yakan miƙo takardar rangwamen wata tafiya maimakon kuɗi. Wanda ya karɓa ya sa hannu, sau da yawa ya yafe sauran haƙƙinsa ke nan. A karanta kafin a karɓa.

Tsakanin tawakkali da sakaci

Mun san akwai masu ƙyamar inshora saboda addini, malamai da dama kuma sun yi magana a kan jahilcin da ke cikin cinikinta da kuma riba. Ba mu isa mu yi fatawa a gaban malamanmu ba. Abin da za mu iya faɗa shi ne akwai tsarin takaful, wanda aka gina a kan taimakekeniya: mahalarta suna zuba gudummawa a asusu ɗaya, a ɗebi a taimaki wanda masifa ta sama. An kafa kamfani na farko mai irin wannan tsari a Sudan a 1979, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, yanzu kuma akwai kamfanoninsa a ƙasar nan. Ita kanta Saudiyya tun 2020 ta haɗa inshora cikin kuɗin bizar Umara, mutanenmu da yawa suna biya ba su san suna da ita ba, har su ciro kuɗin asibiti daga guzurinsu.

Abin da ya fi damun mu shi ne kunya. Sau da yawa ejan ɗin da ya yi kuskuren ɗan gari ne, ko suruki, ko abokin ɗa, sai a ce kada a ɓata zumunci. Wani kuma yana ganin bin kuɗi a hannun kamfani zubar da girma ne. Ya kamata mu tuna cewa kuɗin da aka bari ba na mai tafiya kaɗai ba ne. A labarin da muka bayar, gonar da aka sayar ta marayu ce da mata. Wanda ya yafe haƙƙinsa bayan ya san shi, ya yi kyauta, Allah ya ba shi lada. Wanda ya bari don bai karanta ba ko don yana jin nauyi, iyalinsa ya jawo wa asara.

Haka kuma gaskiyar da muke nema daga kamfani, mu ma ana neman ta daga gare mu. An taɓa kawo mana rasit da aka ƙara wa sifiri, aka ce mu rubuta wasiƙa a kansa, muka ƙi. Wannan haramun ne, laifi ne a doka, kuma shi ke sa a riƙa kallon takardun duk wanda ya fito daga ƙasarmu da zargi.

Shawarwari ga ƙungiya

Ranka ya daɗe, shugaban taro, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna gabatar da shawara huɗu, da fatan za a tattauna su kafin a tashi.

Ta farko, a kafa ƙaramin kwamiti na mutum biyar, da lauya da likita da ma'aikacin banki da malamin addini da mace ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu, wanda duk ɗan gari zai iya tura wa takardunsa a duba kafin ya biya kuɗi. Allah ya hore mana dukkan waɗannan a rassanmu na birane.

Ta biyu, kwamitin ya shirya takarda mai shafi biyu da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da wa'adin da muka lissafa da samfurin wasiƙar koke, a raba wa maniyyata kafin azumi da kafin aikin Hajji.

Ta uku, sakatare ya buɗe rajistar ejan-ejan da 'yan gari suka yi hulɗa da su, a rubuta wanda ya cika alkawari da wanda ya saɓa, bisa hujja, ba bisa jita-jita ba.

Ta huɗu, asusun taimakon gaggawa ya ci gaba da agaza wa wanda ciwo ya kama a waje, amma a sharɗanta cewa iyalinsa za su bi haƙƙinsu har ƙarshe, abin da aka karɓo kuma a mayar wa asusu kasonsa. Kuɗin da muka tara wa asibitin Jamus ya isa ya rufe azuzuwa biyu da kwano a makarantar da dukkanmu muka yi.

Kammalawa

'Yan'uwa, mu da muka koyar da yawancinku karatu ba mu yi haka don ku ci jarrabawa kaɗai ba. Muna roƙon kowane ɗan boko da ke nan ya ɗauki nauyin dattijo ɗaya ko uwa ɗaya a danginsa: idan za su yi tafiya, ya zauna da su rabin awa, ya karanta musu takardunsu, ya tambaye su magungunan da suke sha, ya auna jakarsu, ya rubuta musu lambar gaggawa a takarda. Wanda kuma yake da wata wasiƙar hanawa a ajiye cikin durowa, ya duba kwanan watanta yau da dare, mai yiwuwa wa'adi bai cika ba. Zaurenmu a buɗe yake bayan sallar La'asar.